Kundin shirin jarrabawar ƙwarewa ta injiniyan rediyo, Janairu zuwa Afrilu 2025

Litinin, 6 ga Janairu

Yau na fara shirin neman takardar shaidar ƙwarewa ta injiniyan rediyo, kuma na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta abin da na karanta, da abin da ya gagare ni, da abin da shirin ya ci na lokaci da na aljihu. Shekara goma sha biyu ke nan ina kula da taransimitar FM mai ƙarfin kilowat 5 da sutudiyo uku, kuma a tsawon wannan lokaci babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya auna abin da na sani. Idan tasha ta ɗauke na dawo da ita, to an gamsu. Ni kuwa na daɗe ban gamsu ba, domin akwai gyare-gyare da yawa da hannuna ya iya amma bakina ba zai iya bayanin dalilinsu ba.

Takardar da na sa a gaba ita ce CBRE, wadda ƙungiyar injiniyoyin watsa shirye-shirye ta Amurka, wato SBE, take bayarwa. An kafa ƙungiyar a 1964, hedikwatarta tana Indiyanapolis, kuma ta soma tsarin ba da shaidar ƙwarewa a 1975. Matakin CBRE yana buƙatar shekara biyar a bakin aiki, na sama da shi yana buƙatar goma, na ƙoli kuma, CPBE, shekara ashirin. Jarrabawar tambaya 50 ce ta zaɓi a cikin awa uku, kuma an yarda a shiga da littafi da kalkuleta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa takardar ba ta dindindin ba ce: bayan shekara biyar sai an sabunta ta, ko dai ta hanyar nuna kwasa-kwasai da taruka da koyarwar da mutum ya yi a tsakani, ko kuma ta sake zama jarrabawa.

Na tsara awa ɗaya da rabi kowace safiya kafin fita aiki, da awa huɗu ranar Asabar. Kuɗin da na ware na raba shi uku: littattafai, kuɗin jarrabawa, da ɗan abin da zan ajiye saboda kwas na intanet.

Asabar, 11 ga Janairu

Na yi gwajin farko, tambaya 50 ba tare da buɗe littafi ba, domin in ga inda nake tsaye. Na ci 27. Tambayoyin FM da na sauti sun zo mini da sauƙi. Na AM, da na dokoki, da na haɗa na'urori ta hanyar sadarwar kwamfuta, su ne suka kayar da ni, kuma a kansu zan gina jadawalin makonni masu zuwa.

Laraba, 15 ga Janairu

Kwana uku ina kan lissafin desibel, wato ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina. Na san tun tuni cewa desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfi, desibel 10 kuma ninki goma, amma na saba in tsaya a nan in bar sauran ga ma'auni. Yanzu na tilasta wa kaina yin lissafin da biro. Na ɗauki tasharmu a matsayin misali: taransimita tana fitar da wat 5,000, layin da ke kai sigina saman turke, dogon ƙarfen da ke ɗauke da eriya, yana cin desibel 1, wato kashi 79.4 cikin ɗari ne ke isa eriya, eriyar kuma tana ninka ƙarfi sau huɗu ta hanyar tattara shi zuwa sararin da masu saurare suke maimakon ta watsar da shi sama da ƙasa. Sakamakon ya kama kusan kilowat 15.9. Wannan adadi yana rubuce a lasisinmu, na sha ganinsa, amma yau ce rana ta farko da na fito da shi da kaina.

Wurin da na yi ta tuntuɓe shi ne bambancin dBm da dBu. Na farko yana auna ƙarfi ne daga miliwat ɗaya, don haka dBm 30 wat ɗaya ne. Na biyu kuma yana auna bolt ne daga 0.775, shi ya sa matakin sauti na sutudiyo, dBu 4 a sama da sifiri, yake daidai da bolt 1.228. A lissafin ƙarfi ana ninkawa da 10, a na bolt da 20, kuma tambaya biyu da na faɗi ranar Asabar duk saboda cakuɗa waɗannan biyun ne. Na rubuta su a bangon littafina da jan biro.

Lahadi, 19 ga Janairu

Babban littafin da na yi oda ya iso, kuma shi kaɗai ya cinye fiye da rabin kason littattafai. Na yini ina manna masa alamomi a gefen shafi, domin jarrabawar da aka yarda a buɗe littafi ba ta da amfani ga wanda zai ɓata minti goma yana neman shafi. Awa uku a raba wa tambaya 50, kowace ba ta kai minti huɗu ba.

Litinin, 27 ga Janairu

Makon dokoki. Tun da jarrabawar ta Amurka ce, dole a san ƙa'idojin hukumar sadarwarsu, FCC, musamman Sashe na 73 da ya shafi tashoshin rediyo da talabijin. Da farko na ji nauyin haddace dokar da ba ita ke mulkin tashata ba, amma da na shiga ciki sai na ga kowace lamba tana da dalili na injiniya a bayanta. Tashar AM ba za ta kauce wa firikwensinta da fiye da haz 20 ba, ta FM mai ƙarfi sama da wat 10 kuma haz 2,000. Ƙarfin fitarwa zai kasance tsakanin kashi 90 da kashi 105 cikin ɗari na abin da aka amince. Kundin tasha ana ajiye shi shekara biyu. Na ɗauko takardun lasisinmu na jera su kusa da waɗannan, na ga inda suka dace da inda suka saɓa, kuma wannan kwatancin ya sa na karanta sharuɗɗan lasisinmu daga farko har ƙarshe, abin da ban yi ba tun shekarar da na kama aiki.

Akwai bambance-bambancen da dole in kiyaye kada sabo ya yaudare ni a ɗakin jarrabawa. A nahiyar Amurka tazarar tashoshin matsakaicin zango, wato AM, kilohaz 10 ce, a Turai da Afirka da Asiya kuma kilohaz 9, bisa tsarin da aka amince da shi a Jeniba a 1975 ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU. Haka nan ƙarfafa sautuka masu kaifi da ake yi kafin watsawa a FM: maikurosakan 75 a Amurka, 50 a mafi yawan sauran ƙasashe, har da inda nake aiki.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Babu karatu yau, kuma da alama ba za a yi shi a wannan makon ba. Da misalin ƙarfe biyu na rana taransimita ta rage ƙarfinta da kanta. Da na isa, ma'aunin ƙarfin da ke komowa daga eriya yana nuna wat 200 a duk lokacin da aka kai ta cikakken ƙarfi, alhali abin da muka saba gani wat 12 ne. Na yi lissafin a tsaye: 200 a raba da 5,000 ya ba da 0.04, lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan ita ce 0.2, sai a raba 1.2 da 0.8, VSWR, wato ma'aunin rashin dacewar layi da eriya da taransimita, ya zama 1.5. A wannan matakin aka saita na'urar ta kare kanta, kuma ta yi daidai.

Na juya taransimitar zuwa lodin gwaji, wato na'urar da ke shanye ƙarfin duka a madadin eriya, sai ƙarfin da ke komowa ya sauka kusan sifiri. Wannan ya wanke taransimita, ya bar layi da eriya. Ma'aunin matsin iska na layin yana kan sifiri, na'urar busar da iska kuma tana ta aiki ba tsayawa, jikinta ya yi zafi. Ke nan akwai inda iska ke zurarewa, kuma inda busasshiyar iska ta fita, danshi ya shiga.

Na koma ƙaramar eriyar ko-ta-kwana da kilowat 1. Ragin desibel 7 ne a ƙarfin taransimita kaɗai, ban da cewa ita wannan eriyar ta fi ƙasa kuma ba ta ninkawa kamar babbar. Kafin magariba masu saurare na nesa sun fara kira suna cewa shirin yana ta shuu, sai na kashe sitiriyo na bar mono, domin sitiriyo yana buƙatar sigina mai ƙarfi sosai kafin ya fita tsaf, kuma gara a ji magana a kunne biyu iri ɗaya da a rasa ta gaba ɗaya.

Abin da ya hana ni barci ba lalacewar ba ce. Da dare na buɗe kundin tasha na bi layin ƙarfin da ke komowa baya-baya. Mako bakwai da suka wuce 12 ne. Daga nan 15, sai 20, sai 31, sai 50 a makon jiya. Da hannuna na rubuta mafi yawan waɗannan lambobi, kuma na sa hannu a ƙasan kowane shafi. Na riƙa kwafe su daga ma'auni zuwa takarda ba tare da na tambayi abin da suke faɗa ba, saboda kowanne, idan aka dube shi shi kaɗai, yana cikin iyaka. Wat 50 VSWR 1.22 ne, babu ƙararrawar da za ta buga a kansa. Hawan ne ya kamata ya tsayar da ni, kuma hawa ba ya bayyana sai ga wanda ya jera shafuka. Da na lura a mako na uku, da gyaran dare ɗaya ne da roba ɗaya ta toshe mahaɗa. Wannan sakaci nawa ne, kuma haka na rubuta a rahoton da na miƙa wa shugaban tasha.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na aro na'urar da ke tura ɗan bugun lantarki cikin layi ta auna lokacin da amsa-kuwwarsa za ta dawo. Ta nuna matsala a kimanin nanosakan 460. A layi mai iska a ciki sigina yana tafiya kusan da gudun haske, mita 0.3 a kowane nanosakan, kuma tafiyar zuwa da dawowa ce, don haka tazarar ta kama kusan mita 69. A zanen turke, daidai nan ne gwiwar da layi yake lanƙwasawa zuwa eriya. Masu hawa sun hau da asuba bayan na kashe komai, na kulle makunnin wuta da kwaɗo, na riƙe mabuɗin a aljihuna. Sun sauko da gwiwar: mahaɗin ciki ya ƙone ya yi baƙi, robar toshiya ta tsage. Da ba a yi wannan awon ba, da sai an kwance layin gaɓa-gaɓa daga ƙasa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sabuwar gwiwa ta iso ranar Laraba, an ɗaura, an wanke layin da nitorojin, matsi ya tsaya a psi 3 kwana biyu ba ya motsi. Mun dawo cikakken ƙarfi daren Alhamis, ƙarfin da ke komowa wat 10. Tasha ta yi kwana goma a kan ƙaramar eriya, ni kuma na rasa kusan awa 25 na karatu. Kuɗin gyaran daga asusun tasha ya fita, amma zirga-zirgar da na yi ta ci kason da na ajiye domin kwas, sai dai in sake tarawa.

Na canza yadda ake cike kundin tasha. Ban da rubuta lamba, yanzu akwai takardar zane a bango wadda ake ɗiga ƙarfin da ke komowa, da matsin layi, da zafin ɗaki a kanta kowace rana, ta yadda duk wanda ya shigo zai ga ko layin ya miƙe ko ya fara hawa.

Na kuma yanke shawarar ɗage jarrabawar zuwa zama na gaba. Ban ji daɗin haka ba, amma ban taɓa AM ba tukuna, kuma ba na son in shiga ɗakin ina dogara da sa'a.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Karatu ya dawo daidai. Na maimaita desibel da dokoki, na fara babin kariya daga wutar lantarki.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na roƙi tsohon babban injiniyanmu, wanda dukanmu muke kira Baba, ya raka ni wata tashar matsakaicin zango da ya yi aiki a cikinta kafin ya yi ritaya. Awa biyar muka yi a can, kuma sun fi mini makonni biyu na karatu. A FM eriya ce ake ɗaurawa a kan turke. A AM turken kansa shi ne eriyar, yana tsaye a kan insuleta, kuma duk jikinsa wuta ce idan ana watsawa. Tsawon igiya ana samunsa ne idan aka raba 300 da firikwensi a megahaz, don haka a megahaz 100 na FM mita 3 ne, a kilohaz 1,000 kuwa mita 300, rubu'insa mita 75, kuma wannan ne ya sa turakun AM suke da tsayin da suke da shi. Rabin eriyar kuma a binne yake. Baba ya tona ƙasa da ƙafarsa ya nuna mini wayar tagulla, ɗaya daga cikin 120 da aka shimfiɗa kamar haƙarƙarin laima daga gindin turke, adadin da ya samo asali daga gwajin da Brown da Lewis da Epstein suka wallafa a 1937. Ya ce duk tashar da aka sace wa waɗannan wayoyi, ma'auninta zai ci gaba da nuna ƙarfi, amma ƙasa ce za ta riƙa shan rabonsa.

Ya sa na karanta ma'aunin gindin turke na fitar da ƙarfin da kaina: amfiya 10 a ninka da kanta, a ninka da om 50, wat 5,000. Ya kuma yi mini bayanin abin da ya sa tashar AM take jin nisa da dare: layin sararin sama na ƙasa-ƙasa da ke shanye siginar da rana yana gushewa bayan faɗuwar rana, sai siginar ta kai ga na sama ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Daga nan na fahimci dalilin da ya sa tashoshi da yawa a Amurka suke rage ƙarfi ko su sauya alƙiblar siginarsu da dare.

Kafin ya taɓa komai a cikin tsohuwar taransimita mai bawul, ko da yake ta kwana a kashe, sai da ya ɗauki sandar sauke caji ya taɓa kowace kafasita. Ya ce, "Ɗana, wanda ya ce maka an kashe, ka gode masa, sannan ka sa sanda."

A hanyar dawowa ya tambaye ni abin da nake nema da wannan takarda, tun da takarda ba ta gyara taransimita. Na ce, "Gaskiya ne, Baba, amma abin da kuka nuna mini yau shekara goma sha biyu ban nema ba, sai da jarrabawa ta tilasta mini." Bai amsa ba. Ni dai a ganina ƙwarewar hannu tana koya wa mutum tashar da yake ciki ne kawai, da halayen na'urorinta, kuma ranar da aka sauya na'urorin sai ya koma baƙo a ɗakin da ya tsufa a ciki.

Lahadi, 2 ga Maris

Gwaji na biyu, da littafi a buɗe da agogo a gabana: 36 cikin 50. AM ta gyaru. Lokaci ya ƙure mini saura tambaya huɗu, saboda na tsaya bincika amsoshin da na riga na sani. Daga yanzu zagaye biyu zan riƙa yi, na farko ba littafi, na biyu domin waɗanda na yi wa alama.

Asabar, 8 ga Maris

Na fara ɓangaren da na fi jin tsoro, wato tura sauti ta hanyar sadarwar kwamfuta. Lokacin da na koyi aiki, sautin dijital yana nufin ƙa'idar AES3 a kan kebul mai om 110, waya ɗaya daga wannan na'ura zuwa waccan, kana iya bin ta da hannu. Tun da aka fitar da ƙa'idar AES67 ta tura sauti ta hanyar sadarwar kwamfuta a 2013, sannan SMPTE ST 2110 ta ɓangaren talabijin a 2017, sabbin sutudiyo sun koma kan suwic, wato na'urar da ke haɗa sauran na'urori a sadarwar kwamfuta, da adireshin IP, kuma sutudiyonmu na huɗu da ake shirin ginawa haka zai kasance. Idan ban koya ba, wani za a riƙa kira daga waje duk lokacin da sauti ya ɗauke a ɗakin da ni ke da alhakinsa.

Na haɗa teburin gwaji da suwic ɗaya da na aro, da na'urorin sauti biyu, da kwamfuta. Sauti ya fito tsaf, na yi murna, sai bayan kimanin minti huɗu ya ɗauke ɗif. Na cire kebul na mayar, ya dawo, bayan minti huɗu ya sake ɗaukewa. Na canza kebul, na canza rami, na zargi agogon PTP da ke daidaita lokacin na'urorin, duk a banza. Na tashi ƙarfe ɗaya na dare ban gano ba.

Talata, 11 ga Maris

Na gano. Sautin yana tafiya ne ta maltikas, wato ƙunshi ɗaya da ake aika wa duk wanda ya nemi shiga rukuni, kuma suwic ɗin yana sauraren saƙonnin IGMP, wato saƙonnin neman shiga rukuni, domin ya san ramin da ya nema. Amma babu na'urar da aka ɗora wa aikin tambayar rukunin lokaci-lokaci ko har yanzu suna so. Da babu mai tambaya, babu mai amsawa, sai suwic ya ɗauka kowa ya tashi ya rufe ramin. Wa'adin da aka saba sawa daƙiƙa 260 ne, daidai da minti huɗun da nake gani. Saiti ɗaya na kunna, sautin ya kwana yana tafiya.

Na gwada kashe sauraren IGMP ɗin gaba ɗaya domin in ga abin da zai faru, sannan na yi lissafinsa. Sitiriyo ɗaya a kilohaz 48 da bit 24 yana cin megabit 2.304 a daƙiƙa kafin a ƙara bayanan kan ƙunshi, kuma ƙunshi 1,000 ne ke fita kowace daƙiƙa idan kowanne na milisakan ɗaya ne. Idan sutudiyo yana da irinsu 40 kuma suwic yana zuba su a kowane rami, sun haura megabit 92, da bayanan kai kuma sun wuce 100, wato duk na'urar da raminta megabit 100 ne ta shaƙe. Irin wannan matsalar ba ta wari, ba ta zafi, ba ta barin baƙin tabo kamar gwiwar da ta ƙone a watan jiya, kuma duk dabarun da na tara na gano lalacewa da ido da hanci ba su taimaka mini da komai ba a kwana ukun nan. A nan na yarda da hikimar sa wa takardar wa'adin shekara biyar.

Litinin, 17 ga Maris

Rabon adireshin IP rukuni-rukuni: rukunin da ake rubutawa /24 yana ɗaukar na'ura 254, /26 kuma 62. Na yi misali talatin har hannuna ya saba. Na kuma karanta ma'aunin ƙarar sauti na ITU-R BS.1770, wanda Turai ta gina matakin LUFS 23 ƙasa da sifiri a kansa, talabijin na Amurka kuma 24.

Alhamis, 27 ga Maris

Na fara zama na awa ɗaya kowace Alhamis da matasa biyu da ke aiki a ƙarƙashina. Niyyata ta farko ita ce in maimaita karatuna da baki, amma zaman ya zama wani abu dabam. Ina bayanin siginar sitiriyo, ƙaramar cikinsu ta ce, "Yallaɓai, me ya sa sautin jagora ya zama kilohaz 19, ba 18 ko 20 ba?" A watan Disamba da na ce mata haka aka tsara. Yau na zana mata: sautin da ake ji yana tsayawa a kilohaz 15, siginar bambancin hagu da dama tana farawa daga 23 zuwa 53, kuma 19 ce tsakiyar gibin da ke tsakanin 15 da 23, inda rediyo zai iya tsamo ta ba tare da ta gauraya da komai ba. Idan ya ninka ta biyu ya sami 38, igiyar dakon da aka danne a wajen watsawa, idan aka ninka uku kuma 57, inda siginar bayanai ta RDS ke ɗauke da sunan tasha. Ta kwafe zanen, ɗayan kuma ya nemi mu yi VSWR mako mai zuwa da lambobin watan Fabrairu.

Mun kuma taɓa iyakar hasken rediyo da jikin mutum zai iya ɗauka. A zangon FM ƙa'idar FCC miliwat 1 ce a kowane murabba'in santimita ga ma'aikaci, 0.2 ga sauran jama'a. Na gaya musu cewa babu shirin da ya kai a bar mutum ya hau kusa da eriya tana kan cikakken ƙarfi, ko wane ne ya ba da umarni. Na buɗe fayil na musamman ina rubuta ranar kowane zama da abin da aka koyar, domin irin wannan shaidar ce ake nema idan lokacin sabunta takarda ya zo.

Asabar, 5 ga Afrilu

Gwaji na uku: 43 cikin 50, saura minti 25 a agogo. Cikin bakwai da na faɗi, uku na eriyar AM mai turaku da yawa ne, inda ake sarrafa alƙiblar sigina da bambancin ƙarfi da na lokaci tsakanin turakun, biyu na tsarin gargaɗin gaggawa na Amurka da ke Sashe na 11, ɗaya na fitilun turke, ɗaya kuma kuskuren karanta tambaya ne.

Na cike fom, na haɗa takardar da ke tabbatar da shekarun aikina, na biya kuɗin jarrabawa daga kason da ban taɓa ba. Jimillar awannin karatu zuwa yau 131, a lissafin da nake yi a bayan wannan kundi. Kuɗin kwas ɗin intanet ya kai kashi biyu cikin uku na abin da ake buƙata, kuma na zaɓi in yi shi a kan sadarwar kwamfuta, domin idan CBRE ta samu, CBNT, takardar SBE ta sadarwar kwamfuta, ce ta gaba kafin a fara ginin sutudiyo na huɗu.

Makonni biyu masu zuwa na eriyar AM mai turaku da yawa ne. Baba ya yi waya jiya ya ce ya samo tsofaffin takardun awon wata tasha mai turke uku, in zo ranar Asabar da kalkuleta, kuma in taho masa da suwic ɗin nan da na'urorin sauti biyu, yana so ya ga yadda sautin yake ɗaukewa bayan minti huɗu.